Dattijon Mormon da ya fara ce min "sannu da zuwa" a Utah ya rasu

Ɗan Funtua:
Assalamu alaikum 'yan gida. Kwana biyu kun ji ni shiru, to rasuwa aka yi mana a unguwa. Maƙwabcina ne, wani dattijo Bature ɗan shekara 88, gidansa na manne da wanda nake haya a nan Logan, arewacin jihar Utah. Ranar Asabar aka binne shi, kuma tun daga ranar abin ya tsaya min a rai, na ce bari in zo in amayar a nan ko na samu sauƙi.

Ɗan Mormon ne (wata coci ce mai cibiya a nan Utah) wanda ya riƙe addininsa hannu bibbiyu, 'ya'ya bakwai, jikoki kuwa ni dai na daina ƙirgawa. Shekara huɗu da suka wuce ranar da na tare a gidan, ina ta kokawa da akwati cikin dusar ƙanƙara da wani takalmi sau ciki da na sayo a gida wanda sanyi ke ratsa shi kamar rariya, sai na ji daga bayan shinge an ce "sannu da zuwa". Wlh na ɗauka gamo na yi. Ashe bayan ya ajiye kiwon shanun madara, shi da matarsa sun yi wata 18 a Accra suna aikin cocinsu, a can ya tsinci gaisuwa wurin wani mai shayi a Nima, duk da shi shayin bai taɓa sha ba, burodi da ƙwai ke kai shi. Iyakar Hausarsa kenan, sannu da zuwa, na gode, sai kuma "kaɗan kaɗan".

Mutumin nan ba ya iya ba ka aron shebur ba tare da ya ba ka labari ba. Ka je neman abu na minti biyu sai ka yi awa guda a garejinsa. Ni Baba nake ce masa, har jikokinsa suka ɗauka suna kiransa Baba suna dariya.

Maman Ummi:
Allah sarki. Sannu ƙanina, Allah ya ba ka haƙuri. Maƙwabcin kirki a baƙuwar ƙasa ai uba ne.

Abu Hanif:
Sannu da haƙuri ɗan uwa. Amma tun kafin a fara zubo "Allah ya jiƙansa" a nan ina tunatar da mu, ba a nema wa wanda ya mutu ba musulmi ba gafara, aya ta 113 a suratut Tauba a fili take. Kuma kai da ka ce an binne shi, Allah ya sa dai ba cocin ka shiga ba.

Ɗan Funtua:
Malam Abu Hanif na shiga, ba zan ɓoye maka ba. Ban yi waƙa ba ban ce amin a addu'arsu ba, a layin baya na zauna. Mutumin da ya kai ni asibiti ƙarfe biyun dare lokacin da matata ke naƙuda motata ta ƙi tashi saboda sanyi, kunyar matarsa kaɗai ba za ta bar ni in zauna a ɗaki ba.

Malam Na Tudun Wada:
Abu Hanif ayar da ka kawo haka take, babu ja. Amma shi ma bai ce a nema masa gafara ba, ka sake karanta rubutun. A cikin Bukhari an wuce da gawa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ce? Sannan ga aya ta 8 a suratul Mumtahana kan kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, ga haƙƙin maƙwabtaka. Maganar shiga wurin ibadarsu malamai sun yi saɓani, wannan ya tambayi malamin da ya yarda da shi a can. Yi wa iyalai gaisuwa da yabon halin kirkin mamaci kuwa ban ga laifinsa ba. Ɗan Funtua ci gaba, muna ji.

Sadiya Kd:
Ni tambayata daban, su Mormon ɗin nan ba su ne masu auren mata goma sha ba? Na taɓa gani a talabijin. Shi matansa nawa?

Ɗan Funtua:
Anti Sadiya mace ɗaya tal, shekara 64 suna tare. Auren mata da yawa a da ne, sun yi shi sosai zamanin wani tsohon shugabansu Brigham Young, amma gwamnatin Amurka ta matsa musu lamba har shugabansu Wilford Woodruff ya fitar da sanarwar dainawa a 1890, bayan nan ne Utah ta zama jiha a 1896. Yanzu wanda ya ƙara aure korarsa suke yi daga cocin. Waɗanda kike gani a talabijin ƙungiyoyi ne da suka ɓalle. Abin dariyar shi ne Baba kan tsokane ni ya ce shi kakan kakansa mata uku ya yi, ni da addinina ya ba ni dama har huɗu na tsaya a ɗaya, wai waye matsoraci a cikinmu.

Bitrus Jos:
Ni Kirista ne kun sani, to bari in sa baki kaɗan. Yawancin coci-cocinmu ba sa lissafa su a cikinmu, saboda bayan Littafi Mai Tsarki suna da wani littafin, Littafin Mormon, kuma suna ɗaukar wanda ya kafa cocin, Joseph Smith, annabi ne, fahimtarsu game da Allah ma ta sha bamban da tamu. Su kuma sun dage su Kirista ne. Amma halin kirki kam na shaida, samarin nan masu farar riga da nektayi da baƙin bajo a ƙirji, ko ka kore su sai sun ce maka na gode.

Ɗan Funtua:
Haka ne Oga Bitrus, kuma shi kansa, da yake a 2018 shugabansu na lokacin Russell Nelson ya ce a daina ce musu Mormon a riƙa faɗin cikakken sunan cocin, kullum sai ya gyara min, ni kuma in ce Baba sunan nan ya yi tsawo, kafin in gama faɗa shayina ya huce. Shayin ma wani fage ne. Ba sa shan giya, ba taba, ba kofi, ba shayi. Ranar da ya fara ganina da buta ina dafa shayi mai kauri da citta da kanumfari sai ya tsaya yana kallona kamar ya kama ni da kwalba. Daga baya matarsa ta sayi ganyen shayi ta ajiye a kicin saboda ni kaɗai, a can saman kabad bayan gwangwanayen tumatir inda jikoki ba za su gani ba.

Azumi ne ya fi haɗa mu. Su duk Lahadin farko ta wata suna tsallake abinci biyu su ba da kuɗin abincin a taimaki mabuƙata, ban da kashi 10 cikin 100 da suke cirewa daga samunsu. Da ya ji namu kwana 29 ko 30 ne, a shekarar da Ramadan ya zo da dogon yini, sai ya cire hularsa ya ce to kun ci gari.

Yaron Nima:
Kai maigida ka tuna min gida. Mu a Ghana mun san su da daɗewa. Zamanin Rawlings a 1989 gwamnati ta rufe cocinsu tare da na Shaidun Jehovah, aka kori turawansu, sai ƙarshen 1990 aka buɗe cocin Mormon ɗin. Yanzu ga babban haikalinsu nan a kan titin Independence a Accra tun 2004, da mutum-mutumin zinariya mai busa ƙaho a sama. Mai shayin nan na Nima ma wa ya sani ko kawuna ne hhhh

Injiniya Houston:
Ɗan Funtua ban zo ɓata maka makoki ba, amma gaskiya ɗaya ce. Cocin nan har zuwa 1978 baƙar fata ba ya samun matsayin limanci a cikinta, ba ya shiga ibadun haikalinsu. Mutumin da aka haifa wajen 1936 ya kai shekara arba'in da wani abu yana cikin wannan tsarin bai fita ba. Ka taɓa tambayarsa kuwa, ko labarin farauta kawai kuke yi?

Ɗan Funtua:
Na tambaye shi Injiniya, ba sau ɗaya ba. Karo na farko shiru ya yi ya ci gaba da goge wata tsohuwar fitila, har na ɗauka na yi ɓaranɓarama. Sai ya ce yana cikin garke yana tatsa, watan Yunin 1978, rediyo ta faɗa cewa shugabansu Spencer Kimball ya sanar an ɗage hanin, ya ce ya zauna a kan bokiti ya yi kuka. Na ce to kafin ranar fa Baba? Ya ce kafin ranar bai taɓa tambayar kowa dalili ba, abin da aka faɗa musu tun suna yara ya ɗauka, kuma wannan shirun nasa ba shi da labarin da zai rufe shi da shi. Iyakar abin da ya ce kenan. Mutumin da komai sai ya ja shi awa guda, wannan a jimla uku ya gama. Ni ban wanke shi ba ban kuma ɗaure shi ba, na dai faɗa maka yadda aka yi.

Injiniya Houston:
To ya fi wasu. Cocin da kanta sai a 2013 ta fito a rubuce ta nesanta kanta da tsoffin bayanan da ake kafa hujja da su. Kuma abin mamaki a kudancin Najeriya tun kafin 1978 akwai masu taruwa da sunan cocin suna ta aika wasiƙu Salt Lake, hedikwatar cocin, a zo a yi musu baftisma, irin su Anthony Obinna, sai a ƙarshen shekarar aka zo. Yanzu har haikali gare su a Aba tun 2005.

Maman Ummi:
Ku dai maza komai sai kun mai da shi muhawara. Ni labaran nake son ji. Wane irin labari yake bayarwa haka da har za ka yi awa a gareji cikin sanyi?

Ɗan Funtua:
Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Manyan labaransa biyu ne. Na farko na kakar mahaifinsa, wadda ta taso daga Ingila tana 'yar shekara tara a 1856. Talakawa ne ba su da kuɗin keken shanu, sai aka haɗa musu kura ta katako mai taya biyu, kamar dai kurar 'yan garuwa, su ja ta da hannu tun daga Iowa har Salt Lake, tafiyar sama da mil dubu, babba ba a yarda ya ɗauki kayan da ya wuce fam 17 ba, wato ko kilo takwas bai cika ba. Ayarinsu, wanda ake kira ayarin Martin, ya makara wurin tashi, dusar ƙanƙara ta rutsa da su a Wyoming cikin Oktoba. Tsakanin su da ayarin Willie da ke gabansu mutum sama da 200 suka mutu kafin masu ceto daga Salt Lake su shigo da sauran.

To shi in zai ba da labarin ba ya farawa da mutuwa, da cokali yake farawa. Wai da aka ce a rage kaya uwar yarinyar ta zubar da komai amma ta soke wani ƙaramin cokali a cikin gashinta. Sai ya bi cokalin nan, da shi aka riƙa auna garin da ya rage, da shi aka ɗura wa ƙaninta ruwan ɗumi daren da ya cika, da shi aka kankare ƙasa. Kana zaune kana jira sai ya miƙe a hankali da gwiwarsa mai ciwo ya buɗe durowa ya ɗauko cokalin ya sa maka a hannu, bakinsa duk ya cinye ta gefe ɗaya. Na ji labarin nan ya fi sau goma, kuma duk lokacin da ya tashi zuwa durowar sai gabana ya faɗi.

Na biyu na nishaɗi ne, labarin Old Ephraim, wata ƙatuwar dabbar beyar da ta addabi makiyayan tumaki a tsaunukan bayan garinmu, har wani makiyayi Frank Clark ya kashe ta a farkon shekarun 1920. Wannan da gaske ne ya faru, ƙoƙon kanta yana ɗakin karatu na jami'ar da ke nan na je na gani da idona, akwai ma dogon dutse da aka kafa a inda aka binne ta. Amma a bakin Baba kullum beyar ɗin ƙara tsawo take. Shekarar da na zo ta kai tsayin ƙofar gareji, bara har ta fara leƙa rufin.

Abu Hanif:
To ka gani, ƙarya kenan. Mai addini da ƙarin gishiri?

Ɗan Maraɗi:
Haba Malam, kai kakarka ba ta yi maka gatanan gatananku ba? Da ta ce gizo ya auri 'yar sarki ka je ka nemi takardar aure a ofishin magajin gari? Ai ita da kanta ke rufewa da ƙurunƙus kan ɓera, kowa ya san wasa ne. Labarin maharba kuwa ko a nan wajenmu zakin da aka kashe tun zamanin Faransa har yanzu girma yake.

Injiniya Houston:
Amma Abu Hanif bai yi nisa da gaskiya ba in aka hau da shi kan mumbari. Su kansu sun taɓa shiga wannan, wani babban mai wa'azinsu Paul Dunn da ya shahara da labaran yaƙi da na wasan baseball, a 1991 'yan jarida suka bankaɗo cewa da yawa ƙari ne, sai da ya fito ya nemi afuwa a rubuce. Labarin gareji daban, labarin da za ka gina imanin mutane a kai daban.

Ɗan Funtua:
Shi ya sa na raba muku su biyu. Beyar kam tana girma, kuma in jika ya ce Baba bara ba haka ka ce ba sai ya ce ai bara ba ta gama girma ba. Amma labarin cokali ko kalma ɗaya ban taɓa ji ta canza ba, saboda a rubuce yake, ita yarinyar da ta tsufa ta sa an rubuta, kuma shi ma tun yana saurayi yake rubuta abin da ya faru da shi kusan kullum. Littattafan sun cika kanta biyu. Mutanen nan rubuta tarihin iyali ibada ce a wurinsu, saboda sun yi imani iyali na ɗorewa har lahira, har baftisma suke yi a madadin kakanninsu da suka mutu. Akwai ma wani rumbu da suka fafe a cikin dutse kusa da Salt Lake inda suke adana hotunan takardun haihuwa da aure da mutuwa na ƙasashe da yawa. Ya taɓa zaunar da ni ya ce in lissafo kakannina, na kai na huɗu na cije. Ya ce kira gida yanzu. Na ce Baba ƙarfe ukun dare ne a Funtua. Ya ce to gobe, kuma goben da sassafe ya ƙwanƙwasa min ƙofa da takarda da biro.

Maman Ummi:
Wannan ta taɓa ni wlh. Kakata ta san sunan duk wanda ya taso da su daga Gobir da dalilin tasowar, muna yara in ta fara sai mu gudu kallon fim ɗin Indiya gidan maƙwabta. Yau ko sunan ƙauyen ana gardama a gidanmu.

Sadiya Kd:
To ya jana'izar tasu take? Kuma don Allah me ya sa sai Asabar, ba ka ce tun farkon sati ya rasu ba?

Ɗan Funtua:
Litinin ya rasu, kwana biyar ana jiran 'ya'ya su iso daga jihohi daban daban, mu da muka saba kafin la'asar an dawo daga maƙabarta abin ya yi min nauyi. Daren Juma'a aka buɗe akwatin mutane na wucewa suna gani, an sa masa fararen kaya tun daga sama har ƙasa, wannan kam sai da ya tuna min likkafani. Bishop ɗin da ya jagoranta, wato shugaban cocin unguwar, ba albashi yake karɓa ba, mai gyaran famfo ne a unguwar, shi ya taɓa gyara min bututun da sanyi ya fasa.

Abin da ban zata ba shi ne dariya. 'Ya'yan bakwai kowa ya tashi ya ba da labari ɗaya daga cikin na babansu, da irin muryarsa da yadda yake shafa haɓa kafin ya kai ƙarshe. Autar ta ce sun lissafa, in aka bi yadda beyar ke girma a bakin Baba da ya ƙara shekara biyar sai ta fi haikalin Logan tsawo, coci ta kwashe da dariya, matarsa na dariya tana share hawaye. Babban ɗan shi ya ɗauki labarin cokali, da ya zo daidai wurin tashi zuwa durowa sai ya sa hannu a aljihun kwat, ya kasa ci gaba. Wata jika 'yar kamar shekara goma ta taso daga cikin mutane ta ƙarasa labarin daga inda ya tsaya, ba takarda.

Bayan an dawo daga maƙabarta matan cocin suka yi abinci, naman alade da wani dankalin turawa da ake gasawa da cuku wanda har sunansa dankalin jana'iza, don kusan duk rasuwa sai an yi shi. Ina raɓe-raɓe zan sulale sai wata tsohuwa ta jawo hannuna ta nuna min wani faranti a gefe an rufe shi, an manna takarda an rubuta sunana, wai tun yana asibiti ya ce in an zo cin abinci a ware wa ɗan Najeriya nasa kada cokalin alade ya taɓa.

Malam Na Tudun Wada:
Allahu akbar. Ka riƙe zumunci da iyalinsa, musamman tsohuwar.

Abu Hanif:
Ni dai ina nan a kan bakata game da shiga cocin. Amma maganar farantin nan ba ni da ta cewa. Allah ya shiryi zuri'arsa.

Bitrus Jos:
Malam Abu Hanif yau ka sauko da wuri haka, ko dankalin ne ya ba ka sha'awa hhh

Ɗan Maraɗi:
Ɗan Funtua ba ka faɗa mana ba, da ka kira gida an samo kakan na biyar?

Ɗan Funtua:
An samo har na shida wurin wata gwaggona a Bakori, sai dai ita da kawuna sun saɓa kan ko na shidan Bamalle ne ko Babarbare, har yau ba a sasanta ba kuma ni ake zargi da tayar da maganar. Baba ya rubuta duka biyun a takardar ya sa alamar tambaya.

Bari in tashi jama'a, tsohuwar ce ke kirana a waya. An kwana ana zuba dusar ƙanƙara kuma injin share hanyar ya ƙi tashi, shi kaɗai ya san inda ake bugunsa da ƙafa kafin a ja igiyar, ya taɓa nuna min amma rabin hankalina na kan labarin da yake bayarwa a lokacin. In ya ƙi sai in ɗauki shebur.